Maigadi da maigida

Mahaifina maigadi ne. Shekara 24 ya yi yana kwana a ƙofar wani sito a bayan babbar kasuwar Maradi, daga magariba zuwa fitowar rana, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani cikin masu shiga da fita ya kira shi da sunansa na yanka ba. Direbobi su ce Maigadi, 'yan dako su ce Maigadi, shi kansa Alhajin mai sito, wanda Baba ya girme wa nesa ba kusa ba, Maigadi yake cewa. Kayan aikinsa ko ido rufe ina iya lissafa su: tocila mai batir uku, gora mai ƙarfe a kai, usur da ya ɗaure da tsirkiyar fata, buta, tabarmar kaba, baƙin bargo na hunturu, da tarin makullai a ƙugu waɗanda ƙararsu ke riga shi shigowa gida da safe.

Wata ɗaliba ce ta tayar mini da wannan zance. Ingilishi nake koyarwa a wata kwaleji a nan garin, kuma dole in ce Ingilishi, don mu nan in an ce Turanci sau da yawa Faransanci ake nufi. Na rubuta guard a allo, sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wannan ai gadi ne. Su suka ara a wurinmu ko mu muka ara a wurinsu? Kuma me harafin u yake yi a ciki, tunda ba a faɗinsa?" Lokaci ya kusa ƙarewa, na ba ta gajeriyar amsa. Doguwar ta hana ni barci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu muka ara, kuma sau biyu muka ara. Gadi ta zo mana daga kudu, ta bakin Ingilishi, ta biyo hanyar Katsina da Jibiya kamar yadda kaya ke biyowa. Ta biyun ita ce gardi, wadda ta fito daga garde ta Faransanci. Ba gardin tsangaya nake nufi ba, wannan tamu ce. Gardin kwamanda nake nufi, mai jar hula, wanda kakata har ta rasu in ta ambace shi sai ta rage murya, domin shi ne ke zuwa ƙauye neman haraji da kamun mutane aikin dole. A kunnen mutumin Maradi gadi da gardi ba ɗaya ba ne, ɗaya ana raina shi, ɗaya ana tsoronsa. Amma uwa ɗaya ta haife su.

Uwar tsohuwar kalma ce ta ƙabilun Jamusawan dā. Waɗanda suka ƙetara teku suka zauna a Ingila tun ƙarni na 5 sun tafi da ita, suna cewa weard, wato mai tsaro, wanda aka bar wa abu ya kula da shi. 'Yan uwansu da suka mamaye ƙasar da ta zama Faransa su ma sun shigar da ita cikin harshen ƙasar, sai dai bakin mutanen tsakiyar Faransa bai saba fara kalma da w ba, suka mayar da shi gw, a hankali ya koma g. Mutanen Normandi da ke arewa suka riƙe w ɗinsu. Da suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka shigo da wardein, wadda ta zama warden. Daga baya salon tsakiyar Faransa ya kawo guard da guardian. Ga shi Ingilishi ya tashi da ward tasa ta gado, da warden, da guard, duk jini ɗaya. Harafin u da ya dami ɗalibata sawun w ne da ya rage a rubuce bayan baki ya daina faɗinsa. Irin wannan sauyi ne ya raba William da Guillaume, kuma garanti da muke nema in mun sayi firji, tagwayenta warranty ce.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda tsofaffin Ingilawa ke liƙa weard a bayan duk abin da ake tsoron ya salwanta. Mai tsaron ƙofa duruweard ne. Mai tsaron daji wuduweard, wanda ya zama sunan dangi Woodward, aikinsa irin na ma'aikatan da ke kula da dajin Baban Rafi ne. Hayward shi ne mai kula da shingen gonaki, yana yawo da ƙaho, in dabba ta faɗa shuka ya kama ta ya tsare har mai ita ya biya tara. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai gari da kaka, ana shari'ar manomi da makiyayi kan saniyar da ta bar burtali, ya san wannan aiki ko bai san sunansa ba. Har Edward, sunan sarakunansu, ma'anarsa mai tsaron arziki.

Sai kuma wadda ta sa na ajiye ƙamus na yi shiru ranar da na fara cin karo da ita, ina ɗalibi a Yamai. Hlaf a tsohon Ingilishi gurasa ce, abincin yau da kullum, abin da tuwo yake a wurinmu. Hlafweard mai tsaron gurasa ke nan. Baki ya tauna kalmar shekara da shekaru, ta zama hlaford, ta ƙare a lord. Wannan lord ɗin da ake kiran manyan masu sarauta da shi, wanda Kiristocinsu ke kiran Ubangiji da shi, asalinsa mai gadin tuwo ne. Matarsa hlaefdige, mai kwaɓa gurasa, ita ce ta zama lady. A dokokin sarki Aethelberht na Kent, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 600, har akwai hlafaeta, mai cin gurasar wani, wato bara ko yaron gida. Bahaushe ba ya bukatar fassara a nan. Ka tuna gidan gandu: maigida ke riƙe da rumbu, shi ke cewa a fiddo dami, shi ke auna tiya nawa za a daka yau, uwargida ta tuƙa, sauran gida su ci. Girmansa daga rumbun yake, kuma ranar da rumbu ya ƙare kafin sabon gero, shi ne ba ya barci. Tsakanin maigida da maigadi a Hausa wasula biyu ne kawai suka yi musayar wuri. Wannan dacewa ce ta baki, ba asali ɗaya ba ne, amma a Ingilishi asalin ma ɗaya ne.

Na ga mai gadin tuwo da idona a shekarar yunwar da mutanenmu suka raɗa wa suna El-Buhari. Damina ta 1984 ba ta yi ba, Najeriya kuma ta rufe iyakarta tun watan Afrilu na shekarar, ba a buɗe ba sai 1986. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ni ake aike in kai wa Baba tuwon dare. Sito cike yake da buhunan gero da dawa har rufi, ƙanshin hatsi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, a gidanmu kuwa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Makullan duka suna ƙugunsa. Matan da suka baro ƙauyuka sukan taru a bakin ƙofa da tsintsiya da ƙwarya, suna jiran a gama lodi su share abin da ya zube cikin rairayi. Baba yakan haska musu tocila, batirin da shi ke saye da kuɗinsa, ya nuna musu inda buhu ya fashe da rana. Wata dattijuwa ta taɓa kama gefen rigarsa ta ce, "Ɗana, tiya ɗaya, Allah ne kaɗai zai gani." Ya ce, "Inna, ai shi ne nake jin kunya." Ya juye mata rabin tuwon da na kawo a ƙwaryarta, ya ci sauran yana kallon ƙofa.

A cikin shekarar ne aka ce buhu biyu sun ɓata. Akawu ya ce ba wanda ke kwana da makulli sai Maigadi. Wata uku ana yanke masa albashi. Daga baya aka gano a lissafin wata mota ne aka yi kuskure, aka mayar masa da kuɗinsa a ambulan, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce masa yi haƙuri. Ni ma ina da nawa laifin a wurinsa. Shekarar da na shiga kwaleji aka ba mu takarda mu cika, inda ake rubuta sana'ar uba na rubuta manomi. Yana da 'yar gona a hanyar Tsibiri, don haka ba ƙarya ce zalla ba, amma na san abin da na ɓoye. Bai iya karatun boko ba, bai taɓa sani ba, kuma ya rasu ban faɗa masa ba.

Cikin masu tsaron tsofaffin Ingilawa akwai kuma stigweard, mai kula da zaure da kayan gidan babban mutum, irin aikin Sarkin Gida ko Shamaki. Ita ta zama steward. Wani gida a Sikotlan ya gaji wannan muƙami har ya zama sunansu, Stewart, a 1371 kuma ɗansu Robert na biyu ya hau gadon sarautar ƙasar.

Mutumin Maradi ba zai yi zancen tsaro ya tsallake iyaka ba, tunda daga nan zuwa Ɗan Isa ko awa ɗaya ba a yi a mota. Kalmar iyaka a tsohon Ingilishi mearc ce. Daga ita aka samu mark, wadda mu ma muka ara muke cewa maki. Babbar masarautar tsakiyar Ingila sunanta Mercia, ma'anarsa mutanen iyaka. Sarkinta Offa, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, da sunansa ake kiran doguwar ganuwar ƙasa mai gwalalo da ta bi tsakanin ƙasarsa da Wales, har yau ana ganin tudunta. A Jamus hakimin da aka ba ƙasar bakin iyaka Markgraf ne, a Faransa marquis. Mu ma mun san irin wannan sarauta. Galadiman Borno a Nguru yake zaune, nesa da fada, yana tsare wa Mai yammacin ƙasarsa. Maradi kanta garin iyaka ce tun kafin Bature. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafu a nan wajen 1819, shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, kuma Ƙaura, shugaban mayaƙa, yana cikin manya huɗu masu zaɓen sarki tare da Galadima da 'Yandaka da Durɓi.

Mearc a wurinsu ba layi ba ne da ake ja a takarda. Fili ne mai faɗi, daji da fadama da ba na kowa ba, inda dokar wannan sarki ta ƙare ta wancan ba ta fara ba. Dodon da ke cikin tsohuwar waƙarsu ta Beowulf, mearcstapa aka kira shi, mai takun iyaka. A wata waƙar kuma, wadda ke ba da labarin Annabi Musa da rundunar Fir'auna, an ce mearcweardas sun yi kuka da tsakar dare, masu tsaron iyaka ke nan, kuma masana da yawa sun ce kyarketai ake nufi, masu jiran gawar mayaƙa. Wannan hoto ya yi mini daidai da abin da tsofaffinmu ke faɗa game da dajin da ya raba Maradi da Katsina a zamanin yaƙe-yaƙe: ba ƙauye, ba gona, sai kura da maharan dawaki, fatake ba sa shiga sai sun haɗa ayari. Layin da muka sani yau ya zo ne da Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, waɗanda suka bi ƙasar daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku. Akwai inda turken ya faɗa tsakiyar gonar mutum ɗaya.

Ƙasar da ke da irin wannan daji dole ta san yadda za ta bambanta baƙo da ɓarawo. Dokar sarki Wihtred na Kent, ta shekarar 695, ta ce in mutumin nesa ko baƙo ya bar hanya ya shiga daji, bai yi kira ba, bai busa ƙaho ba, to a ɗauke shi ɓarawo. Dokar Ine na Wessex ma haka ta ce. Sallama ce suka mayar doka. Baba ma tasa dokar ke nan: wanda zai zo ƙofar sito da dare ya fara gyaran murya tun daga nesa. Mai gyaran murya yakan same shi zaune. Wanda ya zo shiru yakan same shi tsaye da gora.

Aikin tambayar baƙo yana da haɗari tun asali. Littattafan tarihin Ingilawa sun ce a zamanin sarki Beorhtric na Wessex, wajen 789, jirage uku na mutanen arewacin Turai suka tsaya a gaɓar Portland. Wakilin sarki, wanda suke kira gerefa, ya hau doki ya nufe su don ya kai su garin sarki, bai san ko su wane ne ba. Nan take suka kashe shi. Wani marubuci na baya ya adana sunansa, Beaduheard. Da mutuwar wannan ma'aikaci ake fara lissafin hare-haren 'yan Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai, a Ingila. Gerefa ta zama reeve, wakilin lardi kuma scirgerefa, wadda ta zama sheriff. Ban taɓa karanta labarin nan ba tare da tuna samarin da ke kwana a shingayen hanyar Madarunfa da Gidan Rumji ba, waɗanda aikinsu shi ne su tsayar da wanda ba su sani ba cikin duhu su ce daga ina.

Cikin dukan masu tsaron da na karanta, wanda na fi ƙauna shi ne mai gadin gaɓar teku na waƙar Beowulf. Waƙar baiti 3,182 ce, kwafi ɗaya tak ya rage, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1000, shi ma da ƙyar ya tsira daga gobara a 1731. Sarakuna da jarumai duk an jero sunayensu da na iyayensu, shi kuwa ba a faɗi sunansa ba. Yana kan tudu ya hango jirgi ya tsaya, mutane suna sauka da sulke da garkuwa. Shi kaɗai ya sauko a kan doki, ya girgiza mashi, ya tambaye su ko su wane ne. Ya ce ya daɗe yana endesaeta, mazaunin ƙarshen ƙasa, bai taɓa ganin waɗanda suka sauka a fili haka ba tare da izini ba. Ya yaba siffar shugabansu, amma yabon bai hana shi neman amsa ba. Da ya ji bayani ya auna ya gamsu, sai aikinsa ya juya. Ya sa yaransa su tsare musu jirgi, ya shige gaba ya nuna musu hanya har suka hango zauren sarki yana ƙyalli. A nan ya ja linzami, ya yi musu addu'a, ya ce shi zai koma bakin teku. Ba ya cikin waɗanda suka ci liyafa a daren.

Ina ganin rabin aikin nan na biyu shi ne muka fi mantawa. Bara na raka ƙanwar mahaifiyata ganin likita, tsohuwa ce mai ciwon ƙafa. A wani shinge aka sauke mu duka, aka karɓi takardunmu, aka bar mu cikin rana fiye da awa ɗaya ba wanda ya ce mana ga laifinmu, har sai da direba ya zaga bayan rumfa ya dawo. A dawowa kuma, a wani shingen, wani matashi mai kaki ya leƙo ya ga ƙafarta, ya ce, "Iya, zauna abinki, kar ki sauko." Ya duba takardarta ta taga, ya kawo mata ruwa a leda, ya faɗa wa direba inda hanya ta lalace a gaba. Kaki iri ɗaya ne, aiki iri ɗaya. Har yau in ta tashi addu'a tana sa wannan yaron, ba ta san sunansa ba.

Inda kalmar warden ta yi aiki mafi nauyi shi ne iyakar Ingila da Sikotlan. An raba kowane ɓangare gida uku, gabas da tsakiya da yamma, kowanne da nasa mai tsaro da sarki ya naɗa, Warden of the March. Mutanen wurin dangin juna ne, harshe ɗaya, auratayya a tsakani, kuma satar shanu ta zama musu sana'a, ana kiran masu yin ta reivers. Manomi kan biya wani ƙaƙƙarfa kuɗi don kar a kwashe masa garke, wannan kuɗin ne asalin kalmar blackmail. Wanda ya san abin da ƙauyukanmu na bakin iyaka ke ciki a shekarun nan, da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma kafin su bar su su yi girbi, zai karanta wannan da nauyin zuciya.

Dabarun da suka yi sun cancanci a duba. Akwai ranar sulhu, inda masu tsaron ɓangarorin biyu ke haɗuwa a bakin iyaka, kowa ya kawo ƙarar mutanensa. Mutum goma sha biyu ke yanke hukunci, kuma mai tsaron Ingila ne ke zaɓen shida daga mutanen Sikotlan, na Sikotlan ya zaɓi shida daga Ingilawa. Amanar ranar ba ta ƙarewa sai fitowar rana ta gobe, don kowa ya isa gida lafiya. Akwai kuma bin sawu, wanda suke kira hot trod. Wanda aka kore wa shanu yana da kwana shida ya bi su har cikin ɗaya ƙasar, da karnuka da ƙaho, da ɓurɓushin ciyawa mai ci da wuta a tsinin mashi don kowa ya san ba hari ya zo ba, kuma ya sanar da mutumin farko da ya tarar. Tsarin bai hana ɓarna ba. Wasu masu tsaron da kansu suna da rabo a shanun sata. A 1596 Ingilawa suka kama Kinmont Willie Armstrong yana komawa gida daga ranar sulhu, mai tsaron Liddesdale kuma, Scott na Buccleuch, ya fasa gidan sarautar Carlisle da dare ya fitar da shi. Abin bai lafa ba sai bayan 1603, da James na shida na Sikotlan, jikan gidan Stewart ɗin nan, ya gaji sarautar Ingila, ƙasashen biyu suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya, muƙamin ya rasa aikin yi. Duk da haka tunanin ya burge ni, cewa mai tsaron wannan gefe ba zai iya komai ba sai ya san fuskar na wancan gefe. Da gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo nan Maradi a 2019 suka zauna da namu, ranar sulhun nan na tuna. Da so samu ne, irin wannan zama ya sauko har kan masu gari da ardo-ardo, kuma ya zama na kowane wata.

Wasu daga cikin sunayen sun rayu bayan aikin ya mutu. Har yanzu akwai Lord Warden na tasoshin ruwa biyar na kudu maso gabashin Ingila, Hastings da Romney da Hythe da Dover da Sandwich. Churchill ya riƙe muƙamin daga 1941 har ya mutu a 1965. Rawani ne kawai yanzu, kamar yadda ake naɗa Sarkin Ƙofa a garin da ganuwarsa ta zube. Ba na ƙin rawani, amma yana ci mini rai cewa sunan tsaro ya hau sama ya zauna a kan kilishi, mai kwana cikin sauro kuwa albashinsa ba ya sayen buhun gero.

Ranar da na koma ajin na rubuta musu hlafweard a allo, na goge haruffa ɗaya bayan ɗaya har ta zama lord. Na ce musu mahaifina maigadi ne. Wannan ne karo na farko da na faɗa a gaban aji cikin shekara 26 da nake riƙe alli. Yaro ɗaya a layin baya, wanda ba ya yawan magana, ya ce, "Mushe, nawa ma."

Wani dare cikin hunturun 1985 ina zaune wurin Baba, ina jiran ya gama in ɗauki kwano, sai muka ji gyaran murya daga wajen kwata. Baba ya haska. Wani mutum ne da yaro a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Baba ya ce, "Wane ne? Daga ina? Wurin wa?" Mutumin ya ce daga wajen Dakwaro yake, ɗan uwansa yake nema a unguwar Bagalam, bai taɓa shigowa birni ba. Baba ya dube shi, ya dubi yaron, ya miƙa masa buta. Da ya sha ya wanke fuska, Baba ya taɓa kwaɗon ƙofa ya tabbatar a kulle yake, ya ce mu tafi. Muka bi jikin bangon sito mu huɗu, makullai suna ƙara, har ƙusurwar da bangon ya ƙare, inda in ka ƙara taku ɗaya ƙofar za ta ɓace maka. Nan ya tsaya. Ya nuna da tocila ya ce, "Ka ga fitilar can ta mai shayi? Ka bi ta hannun dama har masallaci, yaron nan zai kai ka." Mutumin ya roƙe shi ya ƙarasa da su ko kaɗan ne. Baba ya ce, "Yi haƙuri, ɗan uwa, iyakata ke nan." Ya bar mana hasken tocila a kan hanya har muka kai wurin mai shayi, sannan hasken ya juya.